Sa'o'in Da Muke Ɗaukar Waya: Abin Da Ilmin Ƙididdiga Ya Bayyana

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya dare da yini suna maye wa juna, Ya kuma yanka wa ibada lokuta sanannu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu yi magana ne a kan wani fanni na ilmin ƙididdiga wanda ba kasafai ake jin labarinsa a zaurukanmu ba, alhali kuwa ya shafi kowane ɗan kasuwa mai waya a aljihu da kowane ma'aikaci mai teburi a ofis. Fannin shi ne binciken lokutan da mutane ke kiran waya, da aika saƙo, da hawa intanet. Mafi yawan masu wannan bincike ba ruwansu da abin da aka rubuta cikin saƙon. Abin da suke ƙirgawa shi ne ƙarfe nawa aka aika shi, minti nawa ke tsakaninsa da na bayansa, kuma sai bayan yaushe aka amsa. Da wannan ƙirga kaɗai suka gano cewa sa'o'in mutum a kan waya suna da tsari, kuma tsarin yana nuna abin da mutum ya gabatar a rayuwarsa da abin da ya jinkirtar. Kamfanoni sun daɗe da sanin haka har suna yanka farashi a kai, saboda haka bai kamata a ce mai sa'o'in ne kaɗai bai sani ba.

Asalin Wannan Ilmi

Gano ɓoyayyen abu ta hanyar ƙirga ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Tun ƙarni na 9 Miladiyya malamin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya bayyana yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga yawan maimaituwar kowane harafi. Amma ƙirga lokutan sadarwa ya soma ne da zuwan tarho. A shekarar 1909 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak mai suna A. K. Erlang, wanda ke aiki a kamfanin tarho na birnin Kopenhagen, ya so ya san layuka nawa za su ishi gari ba tare da mutane sun yi dogon jira ba. Sai ya yi aiki da wata ƙa'ida da Bafaranshen nan Poisson ya shimfiɗa a 1837.

Ma'anar ƙa'idar a taƙaice ita ce a ɗauki kiran waya kamar yayyafi a kan rufin kwano. Kowane ɗigo yana faɗuwa ba tare da ya shawarci ɗan'uwansa ba, amma idan ka saurara za ka ji tazarar da ke tsakaninsu ba ta yin nisa ƙwarai da matsakaici. Wannan ƙa'ida ta yi wa kamfanonin tarho aiki shekara da shekaru, domin kuwa idan aka haɗa kiran dubban mutane cikin sa'a guda, lalle yana kama da yayyafin. Daga nan sai aka ɗauka cewa shi ma mutum guda haka yake gudanar da al'amuransa.

Aiki A Jere, Sa'an Nan Dogon Shiru

A shekarar 2005 Farfesa Albert-László Barabási, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Notre Dame ta Amurka, ya buga wani bincike a mujallar Nature wanda ya rushe wancan zato. Ya duba lokutan da mutane sama da dubu uku suka aika wasiƙun imel cikin wata uku, sai ya tarar mutum ba ya aiki kamar yayyafi. Yakan aika saƙo biyar ko goma a jere cikin 'yan mintoci, sa'an nan ya yi shiru na sa'o'i ko ma kwanaki. Ya fi kama da ruwan bazara, wanda zai zuba kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke, a yi kwana goma ana duban gabas. Haka nan kuma jiran amsa: mafi yawan saƙonni ana amsa su nan take, amma akwai 'yan kaɗan da ke jira har mai su ya fid da rai.

Domin a tabbatar cewa ba na'ura ce ta kawo wannan hali ba, sai shi da abokin aikinsa Oliveira suka duba wasiƙun takarda na mashahuran masana biyu, watau Darwin na Ingila, wanda ya aika wasiƙa fiye da 7,500, da Einstein, wanda ya aika fiye da 14,500. Nan ma suka tarar da irin wannan tsari: mafi yawan wasiƙun da suka amsa, cikin kwana goma suka amsa su, amma wasu sai da suka shekara, wasu ma suka yi shekaru.

Dalilin da Barabási ya kawo ya cancanci a tsaya a kansa. Ya ce kowane mutum yana da jerin ayyuka a ransa, kuma hanyar da yake zaɓar wanda zai yi ita ce ke haifar da tsarin. Alal misali, a wurin injin niƙa, inda ake jera ƙwarya bisa layi, wanda ya riga zuwa shi ake fara yi wa, saboda haka jiran kowa kusan ɗaya ne. Amma a ce mai injin yana zaɓar ƙwaryar wanda ya fi girma a idonsa, kuma manya ba su daina zuwa ba. To mafi yawan masu zuwa za su tafi da wuri suna yabonsa, amma ƙwaryar marainiya tana nan gefe har rana ta faɗi, gobe ma haka. Watau dai, gajeren jira mai yawa da dogon jira kaɗan alama ce ta cewa ana aiki da fifiko.

Ƙauli Na Biyu

Kamar yadda malaman fiƙihu ke saɓani, haka masanan ƙididdiga. A 2008 Malmgren da Amaral da abokan aikinsu na Jami'ar Northwestern ta Amurka suka ce ba sai an je ga fifiko ba. A ganinsu dogon shirun yana zuwa ne daga barci da dare da hutun ƙarshen mako, jerin saƙonnin kuwa daga cewa idan mutum ya zauna kan aiki yakan kawar da da yawa kafin ya tashi.

Akwai hujjoji masu ƙarfi da ke nuna tasirin dare da yini. A 2011 Golder da Macy na Jami'ar Cornell suka duba saƙonni miliyan 509 da mutane miliyan 2.4 suka rubuta a dandalin Twitter, wanda yanzu ake kira X, daga ƙasashe 84. Su kam sun ƙirga har kalmomi, suka tarar kalmomin farin ciki sun fi yawa da safe, suna raguwa yayin da yini ke tafiya, kuma a ranakun hutu wannan tashi na safe yakan makara da kusan sa'a biyu. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda a lokacin ake hutu Juma'a da Asabar, alamun hutun sai suka bayyana a waɗannan ranaku. A 2017 kuma Monsivais da abokansa suka duba kiran wayar salula a biranen wata ƙasa ta kudancin Turai, suka ga cewa ko da yake agogon ƙasar ɗaya ne, mutanen gabas suna riga na yamma fara kira da safe da dainawa da dare, watau jikin mutum yana bin rana ko da agogo ya faɗi wani abu dabam.

Ibada ma tana bayyana a cikin wannan lissafi. Kamfanin Cloudflare na Amurka, wanda kaso mai yawa na zirga-zirgar intanet ke bi ta na'urorinsa, ya nuna a rahotanninsa na 2022 da 2023 cewa a watan Ramadan, a ƙasashe irin su Pakistan da Indonesiya da Turkiyya da Maroko, amfani da intanet yakan faɗi a daidai lokacin buɗa baki, ya kuma tashi sama da yadda aka saba a lokacin sahur.

Mu a wurinmu, ƙa'idar malamai ita ce idan ana iya haɗa ƙauli biyu, haɗa su ya fi jefar da ɗaya. Dare da yini da mako su ne ke yanka manyan gaɓoɓin lokaci, fifiko kuwa shi ke hukunta abin da ke faruwa a cikin kowace gaɓa. Na farko Allah ne Ya tsara shi, na biyu kuwa zaɓin bawa ne, kuma a kan zaɓi ake hisabi.

Yadda Abin Yake A Ƙasar Zamfara

Wanda ya zauna a Gusau ko Tsafe ko Bungudu ya lura, zai ga abubuwa biyar ne ke tsara lokutan wayar jama'a. Na farko salla. Gusau tana yamma da layin da aka ɗora agogon Nijeriya a kansa da fiye da daraja 8, saboda haka rana ba ta yin tsaka a can sai tsakanin wajen 12:17 da 12:48 gwargwadon watan da ake ciki, Magariba kuwa tana kaiwa da komowa tsakanin wajen 6:05 a Nuwamba da 7:00 a Yuni da Yuli. Shirun da wayoyi ke yi sa'ad da aka tayar da iƙama yana tafiya da rana ne, ba ruwansa da agogon ofis. Na biyu ranar kasuwa, da jajibirinta sa'ad da dillalai da direbobi ke neman juna. Na uku wutar lantarki, domin wayar da ba caji ba ta da lokaci, kuma mutumin ƙauye da ke kai wayarsa wurin mai caji yana rabuwa da ita sa'o'i. Na huɗu ƙarshen wata, sa'ad da ma'aikatan sakatariyar J. B. Yakubu da na ƙananan hukumomi ke duban waya suna jiran alat na albashi, masu shaguna da masu POS kuma suna jiran su. Na biyar rahusar dare, wadda za mu yi magana a kanta nan gaba.

Abubuwa biyu sun faru a shekarun nan da suka fito da wannan tsari fili. Ranar 3 ga Satumba 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a duk Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga da masu kai musu labari. An ce mako biyu da farko, amma abin ya zarce. An kuma rufe kasuwannin mako. Masu larura suka riƙa bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa domin su yi kira, ba a jima ba aka rufe ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina har da Funtuwar. Wasiƙar takarda ta dawo, ana ba direbobi a tasha. Ranar 1 ga Oktoba aka buɗe wa birnin Gusau, mutanen Tsafe da Bungudu kuwa suka ci gaba da jira, mai larura ya shigo Gusau, sai a ƙarshen Nuwamba gwamnati ta ba da sanarwar ɗage dokar a sauran jihar.

Abin lura a nan shi ne halin wanda ya yi tafiya domin kira. Ya biya kuɗin mota, ya ratsa hanya mai haɗari, yana da sa'a ɗaya ko biyu kafin ya juya. Ba ya ɓata minti guda. Yakan zo da jerin sunaye a takarda ko a ka: uwa, da ɗan da ke makaranta, da wanda ake bi bashi, da wanda ke bin sa, da saƙon maƙwabta. Da lokaci ya yi tsada, kowa ya san abin da ya fi muhimmanci a gare shi. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce, yanzu da sabis ya dawo, shin jerin da muke bi yau shi ne jerin wancan lokaci?

Abu na biyu shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira, har jihohin Zamfara da Kaduna da Kogi suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris. A waɗannan makonni jama'a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya, kuma a sa'o'i guda, watau lokacin cin kasuwa. Sai kuɗi ya fita daga asusun mai saye bai isa ga mai sayarwa ba, a yi ta jayayya a bakin rumfa. Wannan shi ne ainihin matsalar Erlang: hanya tana cushewa ne saboda kowa ya zo lokaci ɗaya. Ɗan kasuwar da ya fahimci haka ya mai da manyan biyansa zuwa sassafe, ya kuma koyi kada ya tuhumi abokin ciniki da ƙarya tun bai bincika ba.

Rahusar Dare

Ƙarfen sabis yana cin mai da kuɗin gadi dare da rana, ko ana amfani da shi ko ba a yi. Da kamfanoni suka duba ƙididdigarsu suka ga tsakar dare hanya fayau take, sai suka yi abin da kowane ɗan kasuwa ke yi da hajar da ba ta tafiya, suka karya farashi. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kuma a tsakiyar shekarun 2000 kamfanin MTN ya fito da kiran dare kyauta daga 12:30 zuwa 4:30, wanda manya ba su manta yadda ya hana samari da 'yan mata barci ba. Yau kuma data ce ake sayarwa da rahusa daga wajen sha ɗaya ko sha biyun dare zuwa biyar ko shidan safe, kuma tun da aka amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, mai ƙaramin ƙarfi ya ƙara samun dalilin jiran dare.

Ciniki ne halal, ba mu ce kamfani ya yi laifi ba. Amma bari mu yi lissafi irin na masu ilmin lokutan salla. A ce Magariba ta yi 6:30, alfijir ya keto 5:15. Tsawon daren sa'a 10 ne da minti 45, sulusinsa sa'a 3 da minti 35, watau sulusin ƙarshe yana farawa 1:40. To ka ga sa'o'in da aka karya wa farashi sun haɗiye sulusin dare na ƙarshe ɗungum, lokacin da hadisi ingantacce ya nuna falalar addu'a da istigfari a cikinsa, sa'an nan suna ƙarewa daidai kan sallar Asuba. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin Isha'i da hira bayanta, malamai suka keɓe hirar ilmi da ta baƙo da ta iyali da maslahar jama'a.

Saboda haka hukuncin yana bin abin da aka yi da daren. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da ya saita wayarsa ta sauke littattafai ko karatun tafsiri ya je ya kwanta, ya ci ribar rahusa bai yi hasarar komai ba. Wanda kuwa ya zauna yana jan hotuna da yatsa har ƙarfe uku, ya fitar da Asuba daga lokacinta na muhtari, wani lokaci har daga na laruri, ya iso ofis ko rumfa ido jajur, to wannan ya sayi data da araha ya biya da abin da ya fi ta tsada nesa ba kusa ba. Sa'a biyu kowane dare sa'a 730 ce a shekara, watau kwana 30 cur dare da rana. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wanda Ke Jira A Ƙarshen Layi

Yanzu mu komo ga ƙwaryar marainiya, domin a nan ne wannan ilmi ya fi shafar masu karatun wannan shafi. Abin da masana ke gani a takardarsu a matsayin 'yan saƙonni kaɗan masu dogon jira, a rayuwa mutane ne. Shi ne fayil ɗin malamin firamare mai ritaya daga wani ƙauyen Bungudu wanda ba shi da kowa a Gusau. Shi ne saƙon manomin Tsafe da ya ba da buhunan waken suya bashi, yana ganin alamar an karanta ba a amsa ba. Ita ce gwaggo da ta kira sau uku aka ce za a kira ta.

Haɗarin abin shi ne mai yi ba ya jin yana zalunci. Ma'aikacin da ke amsa kiran maigidansa cikin daƙiƙa, ya sa hannu a takarda ashirin kafin Azahar, yana ganin kansa mai ƙwazo ne, kuma a bisa matsakaicin lissafi gaskiyarsa. Amma matsakaici yana ɓoye mai dogon jira. Idan mutum tara sun jira kwana ɗaya ɗaya, na goma ya jira kwana 91, matsakaicin jira kwana 10 ne, alhali babu ko mutum ɗaya da ya jira kwana goma. Kuma lissafin Barabási ya nuna cewa muddin sababbin ayyuka masu daraja suna shigowa, wanda ke ƙasa ba zai taso da kansa ba. Waya kuwa ta ƙara tsananta abin, domin kullum sabon saƙo take ɗorawa a sama, tsoho yana nutsewa.

Shari'a ba ta hana fifiko ba, ai farilla tana gaban nafila. Abin da ta yi shi ne ta ƙayyade wa za a fifita. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a babin alƙalanci na Muhtasar na Shaihu Halil, sabon alƙali yana fara duba al'amarin waɗanda ke tsare da dukiyar marayu, sa'an nan wajen sauraron ƙara yana gabatar da matafiyi da abin da ake tsoron lalacewarsa, bayan su sai wanda ya riga zuwa, idan kuwa an rasa sanin wanda ya riga sai a yi ƙuri'a. Dubi wannan tsari da kyau. An ba da fifiko ga mai rauni da wanda jira zai cutar, saura kuma aka bar su bisa layi. Babu inda aka ce a gabatar da mai babbar riga ko wanda ya fi yawan kira. Game da bashi kuwa, hadisi ya bayyana cewa jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne, kuma barin saƙon mai bin bashi ba amsa alhali kuɗin na asusu wani nau'i ne na wannan jinkiri.

Sirri Da Zato

Akwai wata fuska kuma. A 2013 de Montjoye da abokan aikinsa suka duba bayanan wayar mutane miliyan ɗaya da rabi na wata 15, waɗanda aka cire wa sunaye, suka tarar cewa sanin wuri da lokaci guda huɗu kacal ya isa a ware mutum 95 cikin ɗari daga sauran jama'a. A Nijeriya dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan zirga-zirgar sadarwa har shekara biyu, kuma tun Disamba 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Watau lokutan mutum rubutattu ne da sunansa.

Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, a ƙasar da ake fama da masu kai wa ɓarayi labari, ɗan kasuwar da ya saba sanya hotonsa a Facebook ko WhatsApp duk ranar da zai kama hanyar Funtuwa ko ta Sakkwato, yana rubuta wa maƙiyi jadawalinsa da hannunsa. Na biyu, ƙididdiga tana magana ne a kan jama'a, ba ta yanke hukunci kan mutum guda. Tun da WhatsApp ya kawo alamar an karanta a 2014, da layin da ke nuna lokacin da mutum ya leƙa na ƙarshe, aure da abota da yawa sun girgiza a kan zato. Wanda aka gani a kan layi ƙarfe biyun dare, mai yiwuwa jinya yake yi, ko yaro ne ya ɗauki wayar. Suratul Hujurati ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane, kuma hanin bai faɗi ba don an sami sabuwar hanyar leƙe.

Abin Da Ya Kamata Mu Yi

Na farko, kowa ya ƙirga nasa. A cikin saitin mafi yawan wayoyin zamani akwai wurin da ke nuna sa'o'in da aka yi a kai, da sau nawa aka buɗe, da lokacin da aka fi yi. A duba na mako guda, a aza shi kusa da jadawalin salla da sa'o'in aiki. Wannan shi ne muhasabar da aka ruwaito Sayyidina Umar yana kwaɗaitarwa a kanta, watau mutum ya yi wa kansa hisabi tun ba a yi masa ba.

Na biyu, tun da ɗabi'ar mutum ce ya yi aiki a jere, to ya yanka wa jerin lokaci da kansa: bayan hantsi, bayan Azahar, bayan La'asar, maimakon kowace ƙara ta fizge shi daga gaban mai saye ko mai fayil. Lokacin ofis amana ce da ake biyan albashi a kanta.

Na uku, ma'aikaci da ɗan kasuwa su keɓe sa'a guda a mako, ko da safiyar Alhamis ce, su fara daga ƙasan tari, watau fayil mafi daɗewa da saƙo mafi tsufa. Shugabannin ma'aikatu kuma, idan suna tambayar takardu nawa aka gama, su riƙa tambayar wace takarda ce ta fi daɗewa kuma ta wane ne.

Na huɗu, magidanta su sa wa gida lokacin ajiye waya bayan Isha'i, su kuma fara da kansu, domin yaro abin da ya gani yake yi.

Doka ta wajabta wa kamfani ajiye lissafin sa'o'inmu shekara biyu ne kawai. Akwai kuwa littafin da ba a sharewa, wanda za a tambayi bawa a kansa game da rayuwarsa a me ya ƙarar da ita. Allah Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya ba mu ikon ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa a kan kari, Ya kuma dawo da zaman lafiya a ƙasar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.